Tafinta da Tsagar Ɗakin Inna

A unguwar babu mai kiransa da sunansa na yanka. Tafinta ake ce masa, shi ma in aka kira shi da wani suna sai ya yi kamar ba da shi ake ba. Ya daɗe yana aiki a wani ofishin sufurin kaya, a can ya goge da Turanci, har ya yi ritaya ya dawo gida da tabarau, da tsohon ƙamus, da kuma tabbacin cewa babu wata magana da za a yi da harshen nan ta fi ƙarfinsa. Mutum ne mai kirki, ba ya ƙyashin taimako. Ko yana tsakiyar cin abinci ka ce masa ga baƙo ba ya jin Hausa, zai wanke hannu ya biyo ka. Aibinsa ɗaya ne, amma babba ne: bakinsa bai iya furta "ban gane ba".

Yana da wani bayani da yake yawan yi wa mutane. Yakan ce magana kashi biyu ce, akwai hatsi akwai ƙaiƙayi, kuma masu Turanci sun fi kowa cika magana da ƙaiƙayi. Aikin tafinta na ƙwarai, in ji shi, shi ne ya sheƙe maganar ya miƙa wa jama'a tsabarta. Mutane suna jin daɗin wannan bayanin. An taɓa yin taron iyaye a makarantar unguwa, wani baƙo ya miƙe ya yi ta zuba har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Da ya zauna, Tafinta ya tashi ya gyara murya ya ce, "Ya ce a kula da yara." Aka yi ta tafi.

Mutum ɗaya ce ba ta yi tafin ba, ƙanwarsa Auta. Tela ce, labule da zannuwan gado take ɗinkawa a wani ƙaramin shago da ke bakin titi. 'Ya'yanta sun tasa, furfura ta fara leƙo mata ta gefen ɗankwali, amma a idon Tafinta har yau ita ce yarinyar da yake riƙe wa hannu a tsallaka titi. Karatunta bai yi nisa ba, Turancinta na gaisuwa ne da cinikin yadi. Sai dai ta san yayanta ciki da bai. Ta daɗe da lura cewa duk sa'ad da magana ta shige masa duhu, sai ya cire tabarau ya shiga goge shi da gefen riga yana cewa "to, to, to". Duk abin da aka faɗa a daidai wannan lokacin, shi ne yake zama ƙaiƙayi.

Mahaifiyarsu, Inna, tana zaune a gidan da marigayi mijinta ya gina. Tafinta da iyalinsa suna ɗakunan ciki, ita kuma tana ɗakin gaba, mai faffaɗar tagar katako da ke kallon titi. Tun da ƙafa ta yi mata nauyi, tagar nan ce duniyarta. Ta nan take gaisawa da masu wucewa, ta nan take sanin wa ya yi baƙi, wa ya dawo daga tafiya, ɗan wa ya yi tsawo. Ta nan mai burodi yake miƙo mata nata kowace safiya. Ta sha faɗa wa 'ya'yanta cewa kada wanda ya taɓa kawo mata zancen sauya ɗaki, domin a ɗakin nan ta haife su, kuma ba za ta bar shi ba sai ranar da aka ɗauke ta.

Wata rana Auta tana sauya mata labule, sai ta ga tsaga a bango, siririya kamar zare. Ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace har ƙasa. Ta nuna wa Tafinta, ya ce fenti ne ya tsufa. Bayan 'yan makonni ta gwada allura, ta shige. Daga baya ta gwada bakin almakashi, shi ma ya shige.

A lokacin tana yi wa wani injiniya ɗinki, dattijo baƙo wanda aikin gina gada ya kawo shi garin, ko "sannu" ba ya ji. Ranar da ta je rataye masa labule sai ta nuna masa hoton tsagar a wayarta. Ya daɗe yana kallo, ya faɗaɗa hoton da yatsu, sannan ya nuna mata da hannu cewa zai zo ya gani da idonsa. Bai samu sarari ba sai safiyar da zai bar garin zuwa wani aiki mai nisa. Ya tsaya a ƙofar gidan, direbansa bai ko kashe mota ba.

Tafinta ya fito cikin rigar da yake ajiye wa manyan baƙi. Injiniyan bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ƙwanƙwasa bangon nan da can yana saurare. Ya fita waje ya tsuguna a gindin ginin, inda ciyawa ta yi kore shar alhali ko'ina a bushe yake, ya danna ƙasar da diddigen takalmi. Ya dawo ciki ya ɗauki lemo ɗaya daga kwanon Inna ya ajiye a tsakiyar ɗaki. Lemon ya tsaya kamar mai shawara, sannan ya gangara a hankali, bai tsaya ba sai a kusurwar da tsagar take.

"Wannan baƙon naku wasa ya zo yi da lemona?" in ji Inna daga kan gado.

Injiniyan ya fara magana, Tafinta yana fassarawa dalla-dalla. Ya ce tsagar kanta ba wani abu ba ce, kowane magini zai iya cike ta. Har nan komai yana tafiya daidai. Sai baƙon ya rage murya ya ƙara da cewa, "But this is only the tip of the iceberg." Yana faɗa yana nunawa: ya haɗa yatsu biyu a sama ya nuna ɗan mitsitsin abu, sannan ya saukar da hannuwansa duka biyu ya buɗe su, kamar mai rungumar ganga.

Tafinta ya cire tabarau. "To, to, to," in ji shi, yana gogewa.

Auta ta lura da tabaraun. Shi ma injiniyan ya lura da wani abu, domin ya tambaye shi ko ya fahimta, har ya zaro biro daga aljihu yana waige-waigen abin da zai yi zane a kai. Tafinta ya ɗaga hannu ya dakatar da shi, ya yi wata dariya ta manya, ya zuba masa Turanci mai santsi cewa ai ya gane sarai, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Injiniyan ya yi ajiyar zuciya, ya mayar da biron. Ya dafa kafaɗar Tafinta ya ce tunda akwai mai sani a gidan, hankalinsa ya kwanta, sun san abin da ya kamata su yi. Ya ba shi lambar wayarsa ko da za a buƙace shi. Direba ya danna oda, baƙo ya tafi.

Tafinta ya mayar da tabarau ya sanar da cewa an ce a kira magini ya cike tsagar, shi ke nan.

"Yaya, na ƙarshen fa?" in ji Auta.

"Wane na ƙarshen?"

"Wanda ya yi haka da hannu." Ta kwaikwayi injiniyan, ɗan ƙarami a sama, ƙato a ƙasa.

"Ƙaiƙayi ne. Adon magana ne irin nasu."

"Mutum mota tana jiransa, zai tsaya yi mana ado?"

"Auta, shekara nawa kika yi kina aiki da Turawa?"

Ta ce ko ɗaya, amma ta ga ya goge tabarau. Ya ce ƙura ce ta hau. Ta ce ƙurar nan tana da wayo, ba ta hawa sai an zo wurin da ba a gane ba. Ya dube ta ta saman gilashin, kallon da yake yi mata tun tana 'yar firamare, ya ce in ta gama koya masa aikinsa ta koma shago, akwai labulen mutane suna jiranta.

Aka kira magini ya cike tsagar da siminti ya shafe. Tafinta da kansa ya zaɓi fenti mai ruwan madara, aka yi wa ɗakin duka. Inna ta yi murna, ta ce ɗakin ya koma kamar na amarya. Duk wanda ya tsaya a taga sai ta gaya masa cewa ɗanta ya yi magana da injiniya baki da baki, har injiniyan ya dafa shi.

Auta ba ta haƙura ba. Ta roƙi yayanta ya kira mutumin a waya ya tambaye shi wannan jimla ɗaya tak. Ya ce shi ba zai dami babban mutum a bakin aikinsa a kan abin da aka riga aka gama ba. Ta ce to ya ba ta lambar. Ya ce da wane harshe za ta yi masa magana, da almakashi? Ta je wurin wata malamar makaranta da take yi wa ɗinki, ta yi mata kwatance da hannu, ta kuma gwada maimaita kalmomin, amma sun riga sun tarwatse mata a kunne. Malamar ta ce ba za ta yi mata kintace a kan maganar gini ba, ta je yayan ya faɗa mata jimlar cikakkiya ta kawo, nan take za ta warware mata.

Kafin Auta ta kai ga tambayarsa, labari ya riga ya kai masa cewa ƙanwarsa tana yawo a gari tana neman mai gyara masa fassara. Ranar bai taɓa abincin rana ba. Inna ta sa aka kira ta, ta zaunar da ita a bakin gado. Ta ce mata mutumin nan ba shi da gona, ba shi da shago, fassarar nan ce kaɗai abin da yake taƙama da shi a unguwa, ita kuma tana so ta tsige masa shi a bainar jama'a. Auta ta ce ita ba zubar da mutuncinsa take nema ba, bangon take jiye wa. Inna ta ce bango ga shi nan lafiya lau, ta buɗe ido ta gani.

Auta ta fito tana cizon leɓe. Da za ta wuce ta ƙofar ɗakin Tafinta sai ta hango shi a sunkuye a kan tsohon ƙamus ɗinsa, yana bin layi da yatsa. Yana jin motsinta ya rufe littafin da sauri. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa, kallon ya dame shi har ya yi magana.

"In ma abin da ke hana ki barci ke nan, ƙanƙara yake nufi. Wani tsaunin ƙanƙara ne a cikin teku."

"Ƙanƙara?"

"Ƙanƙara. To ki gaya mini, ina ruwan ɗakin Inna da teku? Mutumin ya daɗe bai je gida ba, kewar sanyi ce take damunsa."

"To ashe ka duba, Yaya. Wato ba ka san ta ba a ranar."

"Na san ta. Tabbatarwa nake yi."

Ta ce tunda yanzu ga kalmar a hannu, ya bari ta kai wa malamar jimlar. Ya ce in ta sake kai zancen gidansu waje, ba shi ba ita. Auta ta duba ta ga a gefe guda ga yayanta, a ɗaya gefen ga mahaifiyarta, ita kaɗai ce a tsakiya da wani kwatancen hannu da ba ta san ma'anarsa ba. Sai ta haɗiye maganar, don a zauna lafiya.

Bangon kuwa bai shiga yarjejeniyar ba. Ba a daɗe ba tsagar ta dawo, a kan layinta na da, ta fi da faɗi. Tafinta ya ce maginin ne ya yi ƙwauron siminti, ya kira wani. Aka sake cikewa, ta sake dawowa. A karo na gaba bai kira kowa ba, ya sa aka ja kabad ɗin kayan Inna aka jingina a wurin, ya ce dama can nan ya fi dacewa da shi. Sai ƙofar ɗakin ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa take buɗuwa. Ya ce katako ne ya kumbura, ya kira kafinta ya sassaƙe gefenta. Ta sake cijewa, aka sake sassaƙewa, har haske yana shiga ta samanta. Ruwan famfon gidan ya rage ƙarfi, ya ce matsalar daga can babban layi ce. Kowace alama da ta fito, yana da amsarta a aljihu, kuma kowace amsa tana da ma'ana in ka ɗauke ta ita kaɗai.

Auta ta daina gardama, sai dai ta koyi wani hali. Duk ranar da ta zo gaishe da Inna, sai ta ɗauki lemo ta ajiye a tsakiyar ɗaki. Da farko yana tafiya kamar tsoho mai sanda. Daga baya ya koma sauri. Ta kira Tafinta ya gani, ya ce lemon bana ne sun fi zagaye. Ta roƙi Inna ta zo ta kwana biyu a wurinta kafin a ga yadda damina za ta kama, Inna ta ce ta ji ta gode, amma ita ba kaya ba ce da za a yi ta yawo da ita.

Damina ta faɗi da ƙarfi a wannan shekara. Wata ranar da aka wuni ana ruwa, da la'asar ya ɗan tsagaita, Auta ta rufe shago ta biyo ta gidan. Ta tura ƙofar Inna, ƙofa ta ƙi. Ta sa kafaɗa, ko motsi. Daga ciki Inna ta ce tun ɗazu take jin wani abu yana ƙas-ƙas a bayan kabad, ta ɗauka ɓera ne, ga kuma yashi yana zubo mata a kan gado. Auta ta ƙwala wa Tafinta kira. Ya zo ya gwada, ya ce danshi ne, bari a aika a kira kafinta.

"Ba kafintan da za a kira," in ji Auta. "Ta taga za ta fita, yanzu."

Ba ta jira amsarsa ba. Ta zagaya waje, ta kira maƙwabta biyu ƙarfafa, ta cire takalmi ta haura tagar da kanta ta dira cikin ɗakin. Ƙasan ɗakin ya karkace har tana ji a tafin ƙafarta. Inna ta ƙi tashi, tana cewa ita da girmanta ba za a fitar da ita ta taga kamar buhu ba, mutane suna kallo. Auta ta ce mata gara su kalla yau su yi dariya, da su taru gobe suna kuka. Ta naɗe ta a bargo, ta tallabe ta, maƙwabtan suka karɓa daga waje. Haka aka fito da Inna ta tagar da ta yi shekara da shekaru tana gaisawa da duniya ta cikinta, ƙafa ce ta fara fitowa, tana faɗa tana neman ɗankwalinta, duk titin yana tsaye.

Ba a gama zaunar da ita a barandar maƙwabta ba aka ji wani gurnani daga ƙasa. Kusurwar ɗakin ta nutse kamar an janye mata ƙafa. Bangon ya buɗe a kan layin tsagar, ya kwanta waje da tagar da komai, rufin ya biyo shi. Gadon Inna, da kabad ɗin, da kwanon lemon, duk suka tafi cikin rami. Tafinta yana tsaye a tsakiyar titi cikin yayyafi, tabarau a hannu, ko "to" ɗaya bai iya cewa ba.

Da aka kwashe ɓaraguzai aka ga abin da ke ƙasa. Wani tsohon bututun ruwa ne da ya bi ta gindin ɗakin ya fashe tun ba a san lokaci ba. Ya yi ta tsiyaya yana cin ƙasa a ɓoye, har ya yi kogo a ƙarƙashin harsashin ginin, kogon da mutum zai tsaya a ciki ba a ga kansa ba.

Bayan damina injiniyan ya dawo garin, ya biyo ta shagon Auta da wani aikin ɗinki. Ba ta ɓata lokaci da kwatance ba, ta sa shi a gaba har gidan. Ta kuma sa aka kawo Inna a mota daga inda take zaune tun da ɗakin ya rushe, domin ta ce wannan karon kowa zai ji da kunnensa. Mutumin ya tsaya a bakin ramin ya leƙa ciki. Sannan ya juyo ga Tafinta, ba da faɗa ba, da mamaki. Ya ce ai ya gaya masa, ya kuma tambaye shi ko ya gane, ya ce ya gane. Ya maimaita jimlar nan, da kwatancen hannun nan.

Hannun Tafinta ya tafi kan tabarau. Auta ta riga shi. Ta zare tabaraun daga fuskarsa a hankali, ta naɗe shi ta riƙe.

"Babu ƙura a jikinsa, Yaya. Ka tambaye shi."

Maƙwabta sun taru, malamar makarantar ma tana cikinsu. Tafinta ya dubi ramin, ya dubi mahaifiyarsa da ke zaune a kan kujerar roba a inda ƙofarta take a da. Can ya ce wa injiniyan, da Turanci mara ado, cewa bai san ma'anar wannan magana ba, bai kuma san ta ba a ranar farko, yana roƙo ya bayyana masa.

Injiniyan ya tsuguna, ya ɗauki guntun filastar bango, ya ja dogon layi a kan simintin tsakar gida ya ce wannan fuskar teku ce. Ya zana ɗan tsini ƙarami a saman layin. Sannan ya zana wani ƙaton abu a ƙarƙashinsa, ya yi ta faɗaɗa shi har sai da ya matsa baya. Yana magana a hankali, Tafinta yana fassarawa, wannan karon bai zubar da ko kalma ɗaya ba. Ya ce a tekuna masu sanyi akwai tsaunukan ƙanƙara da ke yawo a kan ruwa. Abin da matuƙin jirgi yake hangowa ɗan kan ne kawai, jikin tsaunin duk yana nutse, kuma shi ne yake fasa jirgi. Don haka in mai Turanci ya kira abu da kan tsaunin ƙanƙara, yana nufin abin da ido ya gani kaɗan ne, babbar matsalar tana ɓoye a ƙasa, sai a tona.

Injiniyan ya ƙara wata magana gajeriya. Tafinta bai fassara ta ba.

"Wannan ma ka faɗa," in ji Auta.

Sai ya fassara. "Ya ce da an tona a lokacin, bututu ɗaya za a sauya, a cike ƙasa, a tallafi harsashin. Ya ce da ɗakin yana nan."

Injiniyan ya ƙara da cewa yanzu kam ƙasar wurin ta lalace, sai ta daɗe tana zama kafin a yi tunanin ɗora wani gini a kanta.

Inna ta daɗe tana kallon zanen da ke kan siminti. Auta ta ɗauka za ta yi kuka, ko ta yi faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗago ta dubi ɗan nata ta ce, "Yanzu da ka ce ba ka sani ba, wani abu ya same ka? Ga ka nan tsaye da ƙafafunka." Sai ta juya ga Auta ta roƙe ta ta yafe mata, domin ita ce ta rufe mata baki.

Inna ta koma gidan Auta da zama, a hawa na biyu na wani bene. Ɗakin yana da tsabta, Auta ta ɗinka masa labule mafi kyau a shagonta. Amma tagar ƙarama ce, kuma bayan wani gini take kallo, babu abin da ake gani sai bututun ruwa da tattabaru. Mai burodi ba ya hawa bene. Labarin unguwa sai wanda aka kawo mata, ya riga ya huce. Tafinta yana zuwa kullum da yamma, ya hau matakalan yana haki, ya zauna ya ba ta labarin wa ya yi baƙi, wa ya dawo daga tafiya. Tana saurare ba ta katse shi. In ya gama sai ta gyara kwanciya ta ce, "To, na ji hatsin. Yanzu ba ni ƙaiƙayin."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, rashin sani ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne yake jawo ɓarna. Kowane harshe yana da maganganun da ma'anarsu ba ta zaune a kan kalmominsu, kuma ko wanda ya fi kowa gogewa zai ci karo da wadda bai taɓa ji ba. Sau da yawa a irin waɗannan maganganun ne mai magana yake zuba abin da ya fi muhimmanci. Idan ka ji wadda ta shige maka duhu, kada ka yi mata fassarar zato, kada kuma ka jefar da ita ka ce ado ce. Ka tsayar da mai maganar tun yana gabanka, ka ce masa ba ka gane ba, musamman in wasu sun dogara da kunnenka. Wanda kuma ya ga alamar an tsallake wani abu, kada ya yi shiru don gudun ɓacin ran babba. Kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce, amma abin da girman kai ya rushe ba kullum ake iya sake gina shi ba.